Ku Tambayi Anti: "Fuskarta ce, muryarta ce, ta yaya za a ce ƙarya ne?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin maganin rage ƙiba ne suka cika min waya, kamar haɗa baki kukai, dan haka na ajiye sauran batutuwan sai wani satin in Allah ya kaimu. Na zaɓo guda shida, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki raba mana gardama nida maigidana. Tun bayan haihuwata ta uku tumbina yaƙi komawa, ba abinda ban gwada ba. Shine jiya ina duba Facebook naci karo da bidiyon Oprah Winfrey, attajirar nan ta Amurka da tayi suna a shirin talabijin, tana bayanin wata alawa irin mai danƙon nan, wai ita tasha ta sauke kilo 20 cikin wata ɗaya, ba motsa jiki ba rage cin abinci. Wlh Anti muryarta ce sak, bakinta ma yana motsi daidai da maganar. Shi yace damfara ce, nikuma nace mace mai kuɗi irin wannan me zata ci da ɗan kuɗina? Ina jiran amsarki kafin na tura.
Daga Maman yara uku

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kiyi haƙuri, wannan karon maigida ne yaci gardama, kuma abin dariyar hujjarki ce ta bashi nasara. Gaskiya kika faɗa, Oprah ba abinda zata ci da kuɗinki, toh shiyasa ba ita bace. Tun 2022 ta fito da kanta a Instagram tayi bidiyo tace babu ruwanta da duk wata alawa ko ƙwayar rage ƙiba da ake tallatawa da sunanta, kar kowa ya saya. Har yau basu daina ba. Ta rame kam da gaske, a ƙarshen 2023 ma ta faɗa da bakinta cewa tana amfani da maganin da likita ya rubuta mata, shine su kuma suke ɗaukar hotonta na da da na yanzu su jera su ɗora kwalbarsu a tsakiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ita kaɗai ba. Jarumin fim ɗin Amurka Tom Hanks a 2023 sai da ya gargaɗi mutane kan wani bidiyon tallar kula da haƙori da aka haɗa da kamanninsa, a 2024 ya sake fitowa kan tallan magungunan "sha yanzu magani yanzu" da akeyi da muryarsa. A Ingila akwai wani mai ba jama'a shawara kan kuɗi, Martin Lewis, da abin ya isheshi har ya maka Facebook a kotu a 2018 saboda tallan damfara masu ɗauke da fuskarsa, sukayi sulhu a 2019 kamfanin ya bada fam miliyan 3 dan yaƙi da irin wannan tallan.

Yadda ake haɗa bidiyon ba wani tsafi bane. Za'a samo tsohuwar hirar da mutum yayi a talabijin, a cire sautin, a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ɗan guntun muryarsa ta koya, sai a rubuta mata duk abinda akeso ta karanto da muryar, sannan wata manhajar ta gyara motsin leɓe ya dace. Aikin da yaro mai kwamfuta zai gama kafin shayinsa ya huce. Ki koma ki sake kallon naki a hankali, zan iya cewa zakiga ba inda fuskarta da kwalbar suka haɗu a hoto ɗaya, tana magana sai a yanke a nuno wani hannu riƙe da kwalba sai a dawo kanta. Muryar kuma tana tafiya ɗoɗar kamar mai karanta sanarwa, ba jan numfashi ba ɗan "eh" ɗin nan da mutum keyi in yana tunani, wani lokacin haƙora su narke su zama farin layi guda.

Amma fa kar ki dogara da waɗannan alamun, dan kullum manhajojin ƙara ƙwarewa suke, abinda na lissafo miki yau ƙila nan da shekara an toshe shi. Zancen gani ya kori ji a waya ya daina aiki. Abinda nakeso ki riƙe shine ba'a tantance talla daga cikin tallan. Fita zakiyi. Ki rufe bidiyon kije shafin ita Oprah ɗin na ainihi ki duba, in da gaske ta fitar da maganin da yake sauke kilo 20 ai bazata ɓoye shi a wani lungun Facebook ba, a shafinta zaki fara gani kuma duk gidajen labaran duniya zasu ɗauka. Sai ki danna sunan shafin da ya saka tallan ki shiga wajen bayanansa, Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa canjawa, sau da yawa zakiga watan jiya aka buɗe, ko kuma da shafin sayar da takalma ne. Alamar shuɗin maki ma yanzu ba hujja bace tunda ana biyan kuɗi a samu.

Sannan muyi lissafi. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci) wajen 7,700. Kilo 20 kenan kalori 154,000, in kika raba a kwana 30 ya haura 5,000 kullum. Mace babba abinda jikinta ke ƙonawa a yini wajen 2,000 ne. Kinga ko ruwa kaɗai kike sha wata guda cur lissafin bazai fita ba, balle ace kina cin abincinki kina tauna alawa. Hukumomin lafiya na Amurka da Ingila duk rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati suke cewa shine ragewa ta lafiya. Ki riƙe kuɗinki, kuma ki bawa maigida haƙuri, sau ɗaya dai.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ba bidiyo na gani ba, labari ne a shafin wata babbar jarida ta ƙasar waje, da tambarinsu da komai, wai wasu ƴan'uwa mata biyu sun kai maganin narkar da kitse shirin Shark Tank, na talabijin ɗin Amurka da masu sana'a ke neman jari wajen attajirai, duk attajiran suka zuba kuɗi. A ƙasa mutane sunfi hamsin suna yabawa da hotunansu. Jarida ai bazatayi ƙarya ba ko?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Jaridar batayi ƙarya ba ƴar ƙanwata, dan bata ma san anyi ba. Ki ɗaga idonki sama ki karanta adireshin shafin, can inda ake rubuta www, zakiga ba sunan jaridar bane, ko an ƙara wasu haruffa ko wani dogon shirme ne mai lambobi. Tambari kuwa kwafarsa ake kamar yadda kike ajiye hoto a waya.

Labarin ƴan'uwa mata biyun nan ya tsufa, shekaru ana yawo dashi ana canja sunan maganin kawai, masu shirin da attajiran cikinsa sun sha fitowa suna cewa basu taɓa zuba kuɗi a wata ƙwaya ko alawar rage ƙiba da ake kira keto ba. A Ingila sunan Dragons' Den ake sakawa, shirin su ɗaya ne. Dabarar jaridar bogi ma ta girmi wannan, tun 2011 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai gungun mutane kotu kan shafukan labaran ƙarya da suke tallan maganin rage ƙiba na wani ɗan itace mai suna acai.

Na taɓa bin irin wannan linkin da gangan dan naga ƙarshensa. A saman shafin akwai agogo ja yana ƙirgawa, wai saura minti 9 rangwame ya ƙare, kwalba 7 suka rage. Na tashi nayi sallah na dawo na sake loda shafin, agogo ya koma minti 15, kwalba kuma har yanzu 7. Na danna "Wasanni" a saman jaridar, ya kaini wajen sayen magani. Na danna "Siyasa", wajen sayen magani. Na danna sunan ɗaya daga cikin masu yabon nan, wata mai murmushi da tace ta sauke kilo 12, nan ma wajen sayen magani. Nayi ƙoƙarin rubuta nawa sharhin, akwatin ma baya karɓar rubutu, zane ne kawai. Duk ƙofofin gidan ɗaki ɗaya suke kaiwa. Ki gwada a naki ki bani labari. In kinaso ki ƙara tabbatarwa kiyi sikirinshot na hoton ɗaya daga masu yabon ki saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, kar kiyi mamaki in kika ganta a wani shafin da wani sunan tana yabon maganin sanƙo.

Ɗan kwaɗon nan da ke jikin adireshi shima mutane na ruɗuwa dashi. Ma'anarsa kawai ba mai leƙen abinda kika tura a hanya, bai ce wanda zai karɓa mutumin kirki bane.

Tambaya: Anti ni namiji ne amma ina bin shafinki. Ni an riga an cuceni. Sunce gwaji ne kyauta, kuɗin aikowa kawai zan biya, na saka lambobin katina. Bayan sati biyu naga alat an cire kuɗi mai yawa, wata ya zagayo an sake cirewa. Lambar wayarsu bata shiga, imel ba amsa. Kunya ta hanani faɗawa kowa. Yanzu kuma wani ya min magana yace shi ƙwararre ne zai dawo min da kuɗin in na biyashi wani abu. Ya zanyi?
Daga wani magidanci

Amsa: Malam sannu, Allah ya mayar da alheri. Fara da na ƙarshen: wanda yace zai dawo maka da kuɗin, toshe shi yanzun nan kafin ka gama karanta wannan amsar. Ka tambayi kanka a ina ya san an cuceka tunda kace baka faɗawa kowa ba? Ko su ɗin ne suka canja riga, ko sun sayar da sunanka, dan sunayen waɗanda aka taɓa damfara haja ce a wajensu, sun san mai jin zafin asara yafi saurin sake biya.

Abinda ya sameka tsohon tarko ne. Kwalbar ba ita suke sayarwa ba, lambar katinka suke nema. A can ƙasan shafin da ƙananan haruffa masu launin toka an rubuta cewa in baka soke ba cikin kwana 14 ka yarda a cire cikakken kuɗin kwalbar kuma a dinga aiko maka duk wata, kwanakin kuma daga ranar da kayi oda ake ƙirgawa ba daga ranar da kaya suka iso ba, in ma sun iso. Sai su tabbatar ba hanyar sokewar. Banza dai bata kai zomo kasuwa.

Yau ɗin nan ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katin, ko kaje da ƙafarka, kace a toshe katin a baka sabo. Kar ka tsaya a cewa "zan kwashe kuɗin daga asusun", ranar da wani abu ya shigo zasu ja. Sannan kace kanaso ka shigar da ƙorafin cirar da baka amince da ita ba, katunan Visa da Mastercard suna da tsarin ƙalubalantar ciniki a dawo da kuɗi, amma yana da wa'adi, duk kwanan da ka ƙara kana jin kunya yana cin wa'adin. Ka tafi da hujja, alat ɗin, sikirinshot na tallan in kana dashi, imel ɗin da ka tura basu amsa ba. Bazan maka alƙawarin kuɗin zasu dawo duka ba, wani lokacin ana samu wani lokacin a'a, amma aƙalla jinin zai tsaya. In ka buɗe akawun a shafinsu da kalmar sirrin da kake amfani da ita a imel ko wani wajen, canja ta. Duk wanda ya kira yace daga banki yake ka karanto masa lambar da aka turo maka, kashe wayar.

Maganar kunya kuma, ma'aikacin bankin da zakaje gabansa ba kai ne na farko ba ko a ranar. Kuma ka kai rahoton tallan a inda ka ganshi da hukumar kare masu sayayya ta ƙasarku.

Tambaya: Anti ni nawa ba damfara bane dan yana aiki. Ƙawata ce ta haɗani da wata mai sayarwa a Instagram, shayi ne da kapso, an rubuta ganye ne zalla kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince dashi. Sati ɗaya na sauke kilo 3. Matsalar kawai bana iya bacci, bakina kullum a bushe, zuciyata na bugawa fat fat ko ina zaune, ga yawan shiga banɗaki. Mai sayarwar tace alamar kitse na narkewa ne na daure. Inada hawan jini amma ba sosai ba. In cigaba?
Daga Hajiya mai shekara 44

Amsa: Hajiya dan girman Allah ki daina sha daga yau, kuma kije asibiti da kwalin da sauran kapson a jakarki, ki nunawa likita ki faɗa masa komai har hawan jinin. In kinji ciwon ƙirji, ko numfashi na miki wuya, ko jiri kamar zaki faɗi, ko jiki ya ɗau zafi da gumi mara dalili, kar ki jira gari ya waye. Cikin duk saƙonnin makon nan naki ne ya hanani sukuni, dan sauran kuɗinsu aka taɓa, ke jikinki ake taɓawa.

Kilo ukun nan yawancinsa ruwa ne da bayan gida. Irin waɗannan shayin galibi akwai ganyen senna a ciki, mai sa gudawa, wasu da maganin sa fitsari. Sikeli zai nuna kin ragu, kitse na nan inda yake, kina komawa shan ruwa yadda ya kamata nauyin zai dawo. In aka daɗe ana haka gishirin jiki irin su fotasiyam yana zubewa, shi kuma zuciya dashi take daidaita bugunta.

Kapson ne yafi bani tsoro. Ni ba a ɗakin gwaji nake ba, sai an auna za'a san me ke ciki, amma rashin bacci da bushewar baki da bugun zuciya sune alamun da aka sani na wani magani mai suna sibutramine. Da maganin rage ƙiba ne na gaske da likitoci ke rubutawa, a 2010 aka janye shi daga kasuwar Turai da Amurka bayan wani babban bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya da jijiyoyin jini. Tun daga lokacin FDA ta sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba masu ɗauke da rubutun "ganye zalla", a kapso da shayi har da kofi. Dalilin sakawar a fili yake, ganyen baya komai, shi kuma wannan yana kashe sha'awar abinci da gaske, sai mai saye taga aiki ta dawo ta kawo ƙawayenta. Ƙawarki ba cutarki tayi niyya ba, itama haka aka kamata. Ga mai hawan jini wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai wanda ya fishi muni, DNP, sinadarin masana'antu ne mai launin rawaya da ake sayarwa a intanet a matsayin mai ƙona kitse. Yana sa jiki ya ɗau zafin da ba'a iya saukarwa, bashi da makari, ya kashe matasa da dama a Ingila har a 2023 suka sakashi cikin jerin guba a dokarsu. Amurka tun 1938 ta hana shansa. Ko ganyen gaske ma ba'a cewa dan ganye ne bazai cutar ba, ephedra tsiro ne, a 2004 Amurka ta haramta shi a kayan rage ƙiba saboda mace-mace da ciwon zuciya, a 2009 kuma aka janye kayan Hydroxycut na lokacin saboda rahotannin lalacewar hanta.

Zancen "FDA ta amince" kuwa, shi kansa shine shaidar ƙaryar. A dokar Amurka ta 1994 kayan ƙarin abinci irin su kapson ganye basa bi ta hannun FDA ta amince dasu kafin a fara sayarwa, magani ne ake wa haka. Hukumar sai bayan kaya sun shiga kasuwa an samu matsala take binsu. Dan haka duk kwalbar ganyen da kikaga an manna mata wannan tambarin, mai ita ne ya buga abinsa. Wasu sukan waske su rubuta wai an haɗa a masana'antar da ke da rajista da FDA, rajistar gini daban, gwada abinda ke cikin kwalba daban. In akwai lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarku a jiki, kar ki yarda da ganin lambar kawai, ki bincika ta a wajen hukumar kiga ko sunan kayan ya dace da ita.

Ita kuma mai cewa ki daure kitse ne ke narkewa, kitse baya narkewa da bugun zuciya. Ki turawa ƙawarki wannan amsar.

Tambaya: Anti allurar Ozempic fa? Naji ita kam gaskiya ce. Wani a guruf ɗinmu na WhatsApp yana sayarwa da sauƙi ba sai da takardar likita ba, harda wata ta mannawa a fata ga masu tsoron allura.
Daga wata amarya mai jiran gado

Amsa: Maganin gaskiya ne, mai sayarwar ne ban yarda dashi ba. Sinadarin sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak keyi, Ozempic an amince dashi a Amurka a 2017 dan masu ciwon suga, Wegovy kuma a 2021 dan rage ƙiba. A babban gwajin da akayi mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, amma cikin sati 68, wato shekara ɗaya da wata huɗu, tare da gyara cin abinci da motsa jiki, ga tashin zuciya da amai da wasu ke fama dashi, kuma da yawa in sun daina nauyin na dawowa. Kinga wanda duniya ta yarda yana aiki ma kenan, sai ki auna da masu alƙawarin wata ɗaya.

Jabunsa sun cika gari. A 2023 a ƙasar Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti bayan sunyi allurar Ozempic ta jabu da ake zargin insulin aka zuba a ciki, sugansu ya faɗi warwas. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka. Ga shi maganin sai a firji ake ajiye shi kafin a fara amfani, wa ya san inda na ɗan guruf ɗinku ya kwana. Ta mannawa a fata kuma suna kawai aka ara, babu wani semaglutide na mannawa da aka amince dashi. In kina ganin kina buƙata kije likita ya dubaki, musamman ke da kike shirin aure, dan ba'a amfani dashi da juna biyu kuma ana so a daina tun kafin a nemi ciki. Allah ya sanya alheri, angon ya ganki a haka yace yanaso.

Tambaya: Anti inada mabiya kusan dubu 40 a TikTok. Wani kamfani ya min magana zasu biyani nayi tallan shayin rage tumbi, sun turo min abinda zan faɗa da hotunan "kafin" da "bayan" na wasu mata nace kwastomomi ne. Ban taɓa sha ba. Ina buƙatar kuɗin gaskiya, kuma naga manyan taurari ma sunayi. Laifi ne?
Daga ƙanwarki

Amsa: Ƙanwata na gode da kika tambaya kafin kiyi ba bayan kinyi ba. Eh manya sunayi, ba kowane tallan tauraro bane na jabu, wani da gaske shi ɗin ne, an biyashi ne kawai, kuma hakan bai sa shayin ya fara aiki ba. Ko likita ma, Dakta Oz da a da yake da shiri a talabijin ɗin Amurka ya taɓa kururuta kofi ɗanye a matsayin abin al'ajabi, a 2014 ƴan majalisar dattawa suka titsiye shi kan irin waɗannan kalaman, a shekarar kuma aka janye binciken da aka dogara dashi, kamfanin da ya ɗauki nauyin binciken ya biya FTC dala miliyan 3.5. A 2020 hukumar ta kama wani kamfanin shayi mai suna Teami kan alƙawuran lafiya marasa hujja, ta kuma aika wa taurarin da suka masa talla takardar gargaɗi saboda basu bayyana a fili cewa biyansu akayi ba.

Amma abinda aka nemi kiyi ya wuce talla. Talla shine kice an biyani, ga kaya. Ke cewa akayi ki nuna hoton matan da baki sani ba kice kwastomomi ne, ki karanta shaidar abinda baki taɓa kaiwa bakinki ba. Hotunan nan ko sato su akayi daga shafin wata baiwar Allah da ta shekara biyu tana wahalar motsa jiki, ko rana ɗaya aka ɗauka, na farko an saki ciki an tsaya a duhu, na biyu an shanye ciki an gyara tsayuwa an kunna fitila. Saka su a Google Lens ki gani da idonki.

Ki koma sama ki sake karanta saƙon Hajiya mai hawan jini. Cikin dubu arba'in ɗinki akwai irinta, akwai ƴan mata ƴan shekara 15 da suke ganin kansu a madubi suna kuka, Instagram ma tun 2019 ta fara ɓoye tallan kayan rage ƙiba ga ƴan ƙasa da 18 saboda haka. Ranar da wata ta kwanta asibiti kamfanin zai goge shafinsa ya buɗe wani da sabon suna, ke kuma fuskarki ce a bidiyon, ke za'a nema.

In kinaso ki gwada su, tura musu tambaya uku: cikakken jerin abinda ke cikin shayin, lambar rajistarsa da zaki iya bincikawa a hukumar magunguna, da izinin matan da ke cikin hotunan a rubuce. Kice kuma zaki rubuta a bidiyon cewa talla ne aka biyaki. Ki turo min amsar da suka baki, in sun amsa, zan saka a shafin sati mai zuwa.